A Duba Bayan Yaro Tun Yana Girma

  Sharhinmu na yau a kan ƙashin baya ne, musamman na yaran da suka doshi balaga, da hanyoyin da ake bi a gane ko ya miƙe yadda ya kamata, ko kuwa ya soma karkacewa. Maganata guda ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta har mu rabu: a duba bayan yaro tun yana girma.

Bari in fara da abin da ya jawo wannan magana. Wata 'yar ɗan'uwana, yarinya mai shekara 13, aka kai wa tela ɗinkinta na sallah. Da aka karɓo rigar ta saka, sai aka ga gefe guda ya fi ɗaya sauka. Aka mayar, aka gyara, aka dawo da ita, ba ta sake zani ba. A karo na uku sai telar, wadda dattijuwa ce da ta daɗe tana awon jikin mata, ta ce wa uwar yarinyar: "Hajiya, ɗinkina daidai yake, ku dai duba kafaɗar yarinyar nan." Uwar ta koma gida, ta shiga ɗaki da 'yarta, ta duba, sai ga kafaɗar dama ta ɗara ta hagu, allon kafaɗa kuma ya turo waje. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne faɗar da uwar ta yi cewa, tun ranar da yarinyar ta fara wanka da kanta, ita ba ta ƙara ganin bayanta ba. Allah Ya taimaka an kai ta asibiti da sauran lokaci. Amma da ba don idon tela ba, da sai abin ya yi nisa.

To, kafin mu shiga hanyoyin dubawa, ya kamata mu san abin da za mu duba. Ƙashin bayan ɗan Adam, wanda jiki duka ya dogara a kansa, kuma wanda lakar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi take bi ta cikinsa, ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da Mahalicci Ya jera bisa juna tun daga ƙeya har zuwa ƙarshen gadon baya, adadin nan da muka saba ja a carbi bayan salla. Idan aka dubi mutum ta gefe, za a ga wannan jeri yana da lanƙwasa ta halitta: ya shiga ciki a wuya, ya fito waje a tsakanin kafaɗu, ya sake shiga ciki a kwankwaso. Wannan lanƙwasa hikima ce, da ita jiki ke ɗaukar nauyi. Amma idan aka dubi mutum ta baya, kamata ya yi a ga ƙashin ya sauko a miƙe kamar taɓarya. Idan ya kauce dama ko hagu, to an sami illa, wadda likitoci ke kira sikoliyosis, suna ne na Yunananci da aka gada tun zamanin Jalinusu, likitan nan da Ibn Sina da sauran malaman ɗibbu na Musulunci suka yi ta nazarin littattafansa.

Ku lura da wani abu a nan, domin shi ne mabuɗin dukkan abin da zai biyo baya. Ƙashin da ya karkace ba ya tsayawa ga karkacewa kaɗai, murɗewa yake yi kamar igiya. Da yake kuwa haƙarƙari a jikinsa suke manne, idan ya murɗe sai ya tura haƙarƙarin gefe guda baya, ya ja na ɗaya gefen gaba. Wannan tudu na haƙarƙari shi ne alamar da ido ke iya kamawa.

Wa abin ya fi shafa? A cikin kowane yara 100 da ke tsakanin shekara 10 da ƙarshen girma, ana samun kamar 2 ko 3 masu wannan karkacewa. Akasarinsu kaɗan ce, ba ta bukatar komai sai sa ido. Amma a cikin waɗanda tasu ke ƙaruwa har ta kai ga neman magani, 'yan mata sun ninka maza sau da yawa. A mafi yawan yaran, likitoci ba su gano sababi guda da za a ɗora wa laifi ba, sai dai an tabbatar abin yana bin dangi. Saboda haka kada uwa ta zargi kanta. Jakar makaranta mai nauyi tana iya sa ciwon baya da gajiya, haka tallan da ake ɗora wa yarinya a ka, haka sunkuyawa a kan waya dare da rana, kuma duka abubuwa ne da ya dace a rage. Amma babu hujjar cewa su ne ke murɗe ƙashin baya. Abin da aka sani tabbas shi ne, karkacewar tana tafiya tare da girma. Lokacin da yaro ke miƙewa kamar dawa a tsakiyar damina, lokacin ne take gudu. Kuma galibi ba ta ciwo. Yaron yana cin abincinsa, yana wasansa, babu kuka balle a tambaye shi me ke damunsa.

Yanzu ku haɗa waɗannan al'amura biyu, ku ga inda matsalarmu take. Shekarun da yarinya ke yin wannan girma mai sauri, wato gab da fara al'adarta, su ne daidai shekarun da take fara kunya, take rufe jikinta da hijabi da mayafi, take daina tuɓe riga ko a gaban mahaifiyarta. Sutura wajibi ce kuma ado ce, ba ni da ja a kan wannan. Sai dai suturar da ke kare mutuncin yarinya daga idon bare, ba a shar'anta ta don ta ɓoye larura daga idon uwa ba, kuma babu wani haramci ga uwa, ko yaya, ko inna, ta dubi bayan 'yarta a cikin ɗaki don neman lafiya. Haka uba ga ɗansa namiji. Lafiyar yaro amana ce a wuyan iyaye. A duba bayan yaro tun yana girma.

To, yaya ake dubawa? Bari mu bi abin daki-daki, mu fara da wanda ba ya bukatar ko kwabo.

Da farko a sa yaro ya tsaya a wuri mai haske, a kan daɓe mai daidai, babu takalmi, baya a buɗe, hannuwa a sake. Mai dubawa ya tsaya a bayansa, ya bi jikin da ido daga sama zuwa ƙasa, ba da gaggawa ba. Kan yana tsakiya, ko ya jirkice gefe? Kafaɗun nan biyu tsayinsu ɗaya? Allon kafaɗa guda ya fi ɗaya fitowa? Sannan a dubi ratar da ke tsakanin hannu da ƙugu, a ga ko ta dama da ta hagu girmansu ɗaya, domin sau da yawa a nan ne ake fara ganin bambanci, ƙugu guda ya lotsa, ɗaya ya miƙe.

Daga nan sai gwaji na biyu, wanda shi ne uban gwaje-gwajen, kuma idan kun manta da komai a cikin wannan sharhi, ina roƙonku kada ku manta da shi. Wani likitan fiɗa na Ingila mai suna William Adams ne ya bayyana shi a 1865, kuma har yau, duk da na'urorin da zamani ya kawo, da shi ake fara bincike a manyan asibitocin duniya. Ga yadda ake yi. Yaro ya haɗa ƙafafunsa, ya miƙe gwiwoyi, ya haɗa tafin hannuwansa biyu, sannan ya sunkuya a hankali, hannuwa suna reto ƙasa, kai ma a sake. Mu da muke salla, wannan tsayuwa ba baƙuwa ba ce a gare mu, domin ta yi kusa da ruku'u, illa dai ba a dafa gwiwa. Mai dubawa sai ya rage tsawo a bayan yaron, har idonsa ya zo daidai da gadon bayan, ya hango shi kamar mai hangen saman tebur. Idan ɓangarorin biyu sun kwanta daidai, alhamdu lillahi. Idan kuwa gefe guda ya yi tudu, ko a wajen haƙarƙari ko a kwankwaso, to murɗewar nan da na ambata ce ta bayyana. Abin duka bai wuce minti ɗaya ba. Zan sake faɗa: ƙafafu a haɗe, gwiwa a miƙe, hannuwa a sake, a sunkuya, a duba ko gefe guda ya fi tudu.

Amma fa akwai wata ƙa'ida da za ta hana ku firgita a banza. Wani yaron ƙafarsa guda ta ɗan fi ɗaya tsawo, ko ta halitta, ko sanadin tsohuwar karaya ko shan inna, sai ƙugunsa ya jirkice, bayansa ya bi, alhali ƙashin bayan lafiya lau yake. Don a rarrabe, sai a zaunar da shi a kan kujera, a sa ya sake sunkuyawa daga zaune. Idan tudun ya ɓace, matsalar a ƙafa take. Idan yana nan, a bayan take.

Akwai kuma dabara ta uku, irin ta magina. Kowa ya ga yadda magini ke sakin zare mai nauyi a ƙarshensa don ya gane ko bango ya miƙe. A sunkuyar da kan yaro, a shafa dokin wuyansa, za a ji wani ƙashi da ya fi sauran fitowa, shi ne na bakwai a ƙasusuwan wuya. Yaro ya ɗago ya tsaya, a riƙe zaren a kan wannan ƙashi, a sake shi da ɗan dutse a ƙasa. Kamata ya yi zaren ya sauka daidai tsakiyar mazaunai. Idan ya kauce sosai, gangar jikin ta karkata gefe ke nan.

Wannan duka dubawa ce ta baya. Yanzu bari mu juya mu dubi yaro ta gefe, domin akwai wata mas'ala dabam, wato ranƙwafawa da doro. Idan mutum ya tsaya daidai, kunnensa yana bisa kafaɗa, kafaɗa bisa ƙugu, ƙugu bisa idon sawu. A jingina yaro da bango, dunduniya da mazaunai da kafaɗu duk su taɓa, a ga ko ƙeyarsa za ta taɓa bangon ba tare da ya ɗaga haɓa ba. Yawancin samari da 'yan matan da muke gani a ranƙwafe, sabo ne kawai: wani dogon zama ne a kan benci maras majingina, wani waya ce, wata kuwa kunyar ƙirjin da ya fara fitowa ce ta sa take naɗe kafaɗu. Alamar wannan ita ce, idan aka ce ya miƙe, zai miƙe sarai, in ya kwanta rub da ciki ma doron ya baje. Maganinsa motsa jiki da gyaran zama da tunatarwa cikin lalama. Amma akwai wani nau'i wanda likitan Denmak Holger Scheuermann ya siffanta wajen 1920, inda ƙasusuwan da kansu suke girma gabansu ya fi bayansu gajarta, sai su jeru a lanƙwashe. Irin wannan yaro ko ya so ya miƙe ba zai iya ba. Da yawa an yi musu tsawa, an kira su malalata, alhali abin ya fi ƙarfinsu. Wannan na likita ne.

Jama'a masu sauraro, mun ga abin da ido da zare da bango za su iya. Yanzu sai mu taka zuwa asibiti, mu ga abin da likita ke ƙarawa. Da fari yana da wani ɗan ma'auni mai kama da na magina, wanda ake ɗorawa a gadon baya lokacin da yaro ya sunkuya, ya nuna gwargwadon jirkicewar da digiri. Wani likitan Amurka, William Bunnell, shi ya fito da shi a 1984, kuma yau har a wayar hannu ana samun manhajar da ke yin irin aikinsa. Idan awon ya kai digiri 7, wasu likitocin ma sun ce 5, sai a tura yaro ɗaukar hoton ƙashi. Hoton nan a tsaye ake ɗaukarsa, domin kwanciya tana ɓoye wani abu daga karkacewar. A kan hoton ne likita zai ja layi biyu, ɗaya a kan ƙashin da ya fi jirkicewa a saman lanƙwasar, ɗaya a kan na ƙasanta, ya auna kusurwar da ke tsakaninsu. Wannan shi ne awon Cobb, da sunan John Cobb, likitan ƙashi na birnin Niyu Yok, wanda ya shimfiɗa ƙa'idarsa a 1948, kuma shi ne mizanin da duniya ta yi ittifaƙi a kansa. Abin da bai kai digiri 10 ba, ba a ma kiransa cuta.

A cikin hoton nan kuma likita yana duban wani abu da iyaye ba su cika sani ba, wato bakin ƙashin ƙugu, inda yake karanta saura nawa yaron ya gama girma. Zai kuma tambayi uwa yaushe yarinya ta fara al'ada. Don Allah kada a ji nauyin amsawa, kada kuma a yi kintace. Tambayar tana da dalili, domin karkacewa guda a jikin yarinyar da ba ta fara al'ada ba ta fi haɗari nesa ba kusa ba a kan irinta a jikin wadda ta shekara biyu da farawa, saboda ta farkon tana da sauran girma mai yawa a gabanta, girman nan kuwa shi ne abincin karkacewar.

Wataƙila wani zai ce, to in an gano da wuri, me za a yi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce hujjar wannan sharhi baki ɗaya. Idan karkacewar ƙarama ce, sa ido kawai ake yi, a riƙa komawa bayan 'yan watanni. Idan ta kai wajen digiri 25 kuma yaro yana kan girma, sai a yi masa wata rigar roba mai tauri daidai jikinsa, wadda zai riƙa sawa a ƙarƙashin tufafi mafi yawan sa'o'in yini da dare. Rigar ba ta mayar da ƙashi yadda yake a da, aikinta ta tare shi kada ya ƙara tafiya. An daɗe ana muhawara a kan amfaninta, har a 2013 aka buga sakamakon wani babban bincike da Jami'ar Ayowa ta Amurka ta jagoranta, inda aka ga kimanin 7 cikin 10 na yaran da suka sa rigar sun gama girma ba su kai matakin fiɗa ba, alhali a cikin waɗanda aka bari ana kallo kawai, waɗanda suka tsira ba su cika rabi ba. Amma rigar nan tana aiki ne muddin ƙashi yana girma. Idan girma ya ƙare, ƙofarta ta rufe. Idan kuma karkacewar ta haura digiri 45 zuwa 50, sai maganar fiɗa, aiki mai nauyi, mai tsada, wanda masu yinsa a ƙasarmu ƙalilan ne. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin sha'awa, likitan Faransa Nicolas Andry, wanda ya raɗa wa fannin likitancin ƙashi suna a 1741, hoton da ya zaɓa shi ne ɗan itace karkatacce da aka ɗaure a jikin turke, sunan da ya raɗa kuwa ma'anarsa miƙar da yaro.

Yanzu ina so ku ƙara kasa kunne, domin zan faɗi abin da ba ya jira. Na ce irin karkacewar da muke magana a kanta ba ta cika ciwo ba. Saboda haka idan yaro yana kukan baya, musamman da dare har ya hana shi barci, ko yana zazzaɓi da gumin dare da rama, ko wani ƙullutu mai tsini ya fito a tsakiyar bayansa, ko ƙafafunsa sun fara sanyi yana tuntuɓe, ko fitsari ya fara kuɓuce masa, to wannan wani al'amari ne dabam. A ƙasashenmu, abu na farko da likita zai yi tunani shi ne tarin fuka da ya kama ƙashin baya, cutar da Percivall Pott ya siffanta a Ingila a 1779, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Ƙwayar cutar tana cin ƙashi har ya rufta, ya danne laka, yaro ya shanye. Tana da magani, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Irin wannan yaro ba a kwana da shi a gida ana jiƙe-jiƙe. Ina girmama maɗoranmu, sun yi wa al'umma hidima a kan karaya da targaɗe tun kaka da kakanni. Amma karkataccen baya ba karaya ba ne, ba a danna shi, ba a taka shi, ba a ja shi, domin a cikinsa laka take. A nufi babban asibiti mafi kusa, su kuma in ya fi ƙarfinsu su tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko wani asibitin koyarwa.

Saura magana a kan makarantu. Masana a Amurka sun yi saɓani a kan ko ya dace a riƙa duba dukkan ɗalibai, domin wasu suna ganin hakan yana jawo ɗaukar hotunan da ba a bukata, da tayar da hankalin iyaye. Ƙungiyoyin likitocin ƙashi da na yara na can kuwa sun ba da shawarar a duba 'yan mata sau biyu, a shekara 10 da 12, maza kuma sau ɗaya, a 13 ko 14. Ni a ganina wannan shawara ta fi dacewa da halinmu, domin yaronmu ba ya ganin likita sai ya kwanta, kuma in ba a duba shi a gida ko a makaranta ba, babu inda za a duba shi. Malamar kula da lafiya a makarantar kwana ta 'yan mata, da malaman Islamiyya mata, za su iya koyon gwajin sunkuyawar nan a zama ɗaya.

Sannan ina jan hankalinmu a kan harshe. Yaron da bayansa ya karkace, ko mai ƙusumbi, ba abin zolaya ba ne, kuma lafiyar hankalinsa da ƙarfinsa suna nan. Usain Bolt na Jamaika, wanda ya fi kowa gudu a tarihin tseren mita 100, da bakinsa ya faɗa cewa yana da wannan karkacewa. Yarinyar da aka sa wa rigar roba tana bukatar a ƙarfafa mata zuciya, domin sanya ta cikin zafin bazara jarrabawa ce, kuma amfaninta yana ƙaruwa ne gwargwadon sa'o'in da aka yi da ita a jiki.

Iyayena mata, ku nake wa magana ta ƙarshe, sannan iyaye maza. Idan akwai yarinya ko yaro a gidanku tsakanin shekara 10 da 15, kada ku bari makon nan ya wuce. Ki kira 'yarki ɗaki, ki rufe ƙofa, ki yi mata bayani cikin taushin murya don kada ta tsorata. Ta tsaya ki duba kafaɗu da ƙugu, ta sunkuya ki duba gadon baya. Malam, kai ma ka yi wa ɗanka haka. In kun ga daidai, ku gode wa Allah, ku sake dubawa bayan wata shida. In kun ga tudu a gefe guda, ku kai shi asibiti, kada ku jira ya yi ciwo. A duba bayan yaro tun yana girma. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.